Jabanar Inna Almaz

Kakarmu ba ta yin tatsuniya sai an hura mata wuta. Ko ana zafi cewa take muryarta ba ta fita sai ta ga garwashi, balle a watan sanyi, lokacin da aka gama yankan dawa a gonakin Simsim, maza suka dawo garinmu Gadarif da kaushi a ƙafa. Da an ci tuwo sai mu kewaye ta a ƙofar ɗakinta na ciyawa, kowa na turin ɗan'uwansa.

Wata shekara, ina 'yar shekara takwas, na zo wurin wutar da idanu a kumbure. Maƙwabciyarmu Inna Almaz, Bahabashiya mai sayar da gahawa a bakin kasuwa, tana bikin Kirsimetinsu, wanda su a Janairu suke yi. Ta san ni da leƙe ta danga duk sa'ad da take suyar gahawa, sai ta kira ni ta ba ni 'yar ƙaramar jabana, tukunyar gahawa ta yumɓu, baƙa, mai dogon wuya. Ni da komai nawa kwancen yayata ne, har takalmi, sai ga abu sabo ful, nawa ni kaɗai. Na rungumo ta har gida.

Baba ya dube ta, ya dube ni. "Ba idinmu ba ne, ya bitti, 'yata. Gobe da safe ki mayar mata. Halas." In Baba ya ce halas, ko Kaka da ta haife shi ba ta musa masa a gaban yara.

Ba ta musa ba kuwa. Ta dai gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya." Muka ce ta iso mu ji ta. Na lura ta ɗaga murya fiye da kullum, ga Baba can a kan gadon igiya yana murɗa rediyo.

Wai wasu mata biyu ne, kogin Rahad ya raba su, ba sa jin yaren juna. Ta wancan ƙetaren ta zuba riɗi a ƙwarya ta turo a kan ruwa. Ta wannan ƙetaren ta juye, ta ji kunyar mayar da ƙwarya haka, ta sa curin man shanu ta tura. Haka ƙwaryar ta yi ta kai da kawowa, har ranar da mijin mai shanu ya ce ba ya son kayan baƙi, ya tura ta ba komai a ciki. Ƙwarya ba nauyi, iska ta kwashe ta, ba a sake ganinta ba. Da aka shiga fari, waccan na da hatsi ba mai, wannan na da mai ba hatsi, kowacce tana hango hayaƙin 'yar'uwarta.

"To sai me ya faru, Kaka?"

"Sai barci," in ji ta. "Ni dai ban taɓa ganin gidan mutunci da aka mayar da kwano wayam ba."

Da safe ta tashe ni. "Ubanki ya ce a mayar, za a mayar." Ta sa na daka gahawa da citta, na dafa a jabanar, na kai wa Inna Almaz da zafinta. Ta sha, ta yaba, duk da na san ta yi ruwa. Da yamma sai ga jabanar ta dawo cike da gasassun 'ya'yan gahawa, don su ma ashe ba sa mayar da kwano haka. Washegari muka sake mayarwa. Baba ya ga komai bai hana ba. Kafin damina ma shi ke tambaya, "Yau ba a mayar da jabanar nan ba ne?" don ya san abin da ke dawowa a ciki.

Shekara shida jabanar tana wannan zirga-zirga. Ranar da Inna Almaz za ta koma ƙasarsu, na kai mata kamar kullum. Ta shanye a tsaye, ta ɗauraye ta, ta miƙo mini. "Na ɗaure kayana duka, Zainabu, ba ni da abin zubawa. Ki yafe mini." Inna Almaz ba ta sake dawowa ba.

Da ina yarinya na ɗauka wayo Kaka ta yi wa Baba don in samu abin da nake so. Sai da na yi gidana na gane ba ta ni take ba. Maganar ɗanta ta tsare, ta kuma tsare fuskar matar da ta ba da kyauta da zuciya ɗaya. Shekara shida ina addu'a jabanar nan ta zauna a hannuna. Ranar da ta zauna, na shige ɗakin Kaka na yi kukan da ya fi na ranar farko.