Iyalinai Sun Ji?

Shekara ashirin da takwas Malam Sahabi Bunguɗu ya yi yana aikin labarai a wani gidan rediyo a Gusau, kuma duk wanda ya zauna ƙarƙashinsa da tambaya ɗaya yake tuna shi. In aka kawo labarin mutuwa, hatsarin mota ne ko gobara, ba ya ko duba takardar sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Iyalinai sun ji?" In ba su ji ba, labarin ya zauna a aljihun tebur. Ya rantse ba ta bakinsa wata mace za ta fara jin ta shiga takaba ba.

Cikin waɗanda suka sha faɗansa akwai Mannir, mutumin 'Yankuzo, wanda ya zo koyon aiki ko kanun labari bai iya rubutawa ba. Bai daɗe ba ya bar rediyo ya buɗe shafi a Fesbuk. Yau mutum dubu ɗari biyu ke bin sa.

Wannan adadi ya tsaya wa Malam Sahabi a maƙogwaro. Da ya yi ritaya shi ma ya buɗe nasa shafin, ya tara mutum ɗari uku da sha ɗaya, rabinsu dangi da surukai. Kullum kafin ya sha kunu sai ya leƙa shafin Mannir, ya ja tsaki, ya ce wa matarsa Rabi, "Wanga ba aikin jarida ba na, tallan kai na."

"To ka bar dubawa mana, Malam," in ji ta.

Ina zai iya? Kishi ne zalla, kuma shi ma ya san kishi ne.

Abin da ya ƙarasa shi wani taro ne da 'yan jarida suka kira a Gusau kan ƙa'idojin yaɗa labari a intanet. Mannir aka ɗora kan babban tebur, da ruwan gora a gabansa da sunansa a kwali. Malam Sahabi yana layi na bakwai, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa. Da aka tashi Mannir ya ratso mutane ya durƙusa ya gaishe shi, kuma wannan ladabin ya fi komai ƙona masa rai. Da raini ya yi masa, da ya samu abin kai wa Rabi.

Wata Talata da hantsi yana dawowa daga suna a Tsafe, motarsu ta tarar da tirela ta banke wani mai babur. An lulluɓe gawar da tabarma, masara ta watse a kan kwalta, ga hularsa a gefe, mai zanen kore da ruwan ƙasa. Malam Sahabi ya ɗauki hoto. Ya leƙa shafin Mannir, babu komai. Yau dai ya riga shi. Tsohuwar tambayar ta taso masa, ya ba ta amsa da sauri: fuska a rufe take, suna kuma babu. Ya danna.

Kafin ya sauka a Bunguɗu mutum dubu huɗu sun yaɗa hoton. Ranar har ƙarin abinci ya nema.

Bayan la'asar Mannir ya kira shi. "Baba, don Allah ka cire hoton ga."

"To! Abin ya yi maka zahi ke nan?" in ji Malam Sahabi, yana murmushi.

Mannir ya yi masa bayani. Mamacin Umaru ne, manomi a Karakkai. Tun kafin motarsu Malam Sahabi ta iso wurin wani direba ya turo wa Mannir hoton da lambar wayar da aka samu a aljihun mamacin. Mannir ya nemi maigarin Karakkai, maigari ya tashi liman da dattawa biyu su je gidan yadda aka saba: a fara cewa ya yi hatsari yana asibiti, a tara mata kusa da matarsa Hafsatu, sannan a faɗi sauran. Suna zaure suka ji kururuwa. Wata maƙwabciya ce ta nuna mata hoton a waya, ba da wata manufa ba, don dai a yi jimami tare. Hafsatu ta gane hular. Ita ta ɗinka ta da hannunta, wata uku tana kanta. Nan bakin murhu ta yanke jiki ta faɗi.

Malam Sahabi ya cire hoton, amma ina amfani, yana wayar mutum dubu huɗu. Mabiyansa kuwa sun haura dubu biyar. Ya kife wayar a kan tabarma.

Washegari ya tafi Karakkai ta'aziyya, ya raɓe a ƙarshen tabarma, ba wanda ya san shi ne mai shafin. Mannir yana kusa da liman. Bayan an shafa fatiha, mahaifin Umaru ya kama hannun Mannir ya riƙe.

"An ce kai ka hwara samun hoton, kuma ka ƙi sakawa sai mun ji. Allah shi yi ma albarka. Wa ya koya ma wanga hali?"

Malam Sahabi ya ɗago kai. Shekara ashirin da takwas yake jiran a yi wannan tambaya a gaban jama'a.

Mannir ya sunkuyar da kai ya ce, "Wani malamina na, Baba."

Ko kallon inda malamin nasa yake bai yi ba. Rufa masa asiri ya yi, kuma Malam Sahabi bai da bakin cewa shi ne.