Nas Nong a Bakin Ƙofa

Kowace safiya Nong Caifeng kan cinye taliyar shinkafarta a tsaye, ta ɗumama hannuwanta a jikin kofin shayi, sannan ta shiga ɗakin yara. Ba ta taɓa ɗan kowa da hannu mai sanyi. A watan nan za ta ajiye aiki a asibitinmu na Guangxi, a ƙasar Sin, ni kuwa da na daɗe ina miƙa mata magani ta tagar ɗakin magani ba zan yi shiru ba.

Ɗakinta ake kai yaran da wata ƙwayar cuta dangin funfuna ta shiga jininsu. An fi sanin cutar a jikin masu ƙanjamau, amma waɗannan yaran ba su da shi. Kafin a gane ta, sau da yawa an sha maganin tarin fuka a banza. Maganinta kuwa a ƙarin ruwa ake sa shi, yana ƙona jijiya, yana sa karkarwa.

Ina wurin ranar da kakar Xiaoman, yarinya 'yar shekara biyu, ta ga jikarta tana karkarwa. Ta fizge allurar ƙarin ruwan, ta goya ta, ta nufi ƙofa.

"A ƙauye an ce ƙanjamau ne, an daina cin abincinmu. A nan kuma kuna dafa min ita da ranta! Gara ta mutu a gida."

Nong ta zauna daɓas a bakin ƙofar.

"Goggo, sai dai ki taka ni. Ga ni da ƙiba, ke ga ciwon gwiwa."

"Tashi, 'yar nan!"

"Kada ki sauke ta. A bayanki zan sa mata allurar. Amma in kika fita, ba za ta ga girbin shinkafa ba."

Jijiyoyin hannu da ƙafar yarinyar duk sun ƙone, saura guda siririya a gefen kai. Tsohuwa ta tsaya. Nong ta aske wurin, ta ja numfashi, ta soka. Jini ya leƙo, allura ta sami jijiya.

Xiaoman ta rayu. Wasu ba su rayu ba, kuma ke ce, Nong, kike raka iyayensu har tashar mota. Ke ce mai tare ƙofa ba da mukulli ba. Mun gode.

Ku sababbin shiga aikin jinya, allura kowa zai koya. Ku koyi zama a ƙasa.