Sovat Ya Fara Ƙirga Numfashi

Shekara talatin Sovat ya yi yana kai matarsa Malis gidan ibada duk ranar Lahadi, amma bai taɓa wuce wurin ajiye takalma ba. Ita ta shige da kwanon shinkafa da miyar kifi ta kai wa malamai, shi kuma ya koma cikin motarsa a-kori-kura ya kunna sigari. In an yi masa magana, sai ya ce shi da Buddha sun raba gari tun yana ɗan shekara goma sha biyar, lokacin da aka kwashe mutanen ƙauyensu a Battambang ta ƙasar Kambodiya aka kai su haƙa madatsar ruwa. A can yunwa ta kashe uwarsa da ubansa, bai kuwa ga wanda ya kawo musu ɗauki ba.

Daga sansanin gudun hijira ya ƙetare teku ya zo birnin Adelaide da riga ɗaya da mata mai ciki. Ya yi aiki a kamfanin haɗa motoci har ranar da aka rufe shi, sannan ya karɓi hayar fili a ƙauyen Virginia, ya kafa rumfunan leda guda shida, ya shiga noman kokwamba kamar sauran 'yan Kambodiya da ke wajen. Mutum ne mai ƙwazo, mai zafin rai. Maƙwabcinsa Pheap, wanda suka fito sansani ɗaya, yakan ce kokwambar Sovat don tsoro take girma.

Yana da shekara sittin da uku abin ya fara. Ya bar famfo a buɗe har ruwa ya cinye rumfa guda. Ya yi wa shuka feshin magani sau biyu a yini ɗaya, ta ƙone. Wata safiya ya ɗauko kwalaye daga kasuwa, ya iso mararrabar da ya bi sau dubu, ya rasa ko dama zai yi ko hagu. Nan Pheap ya same shi, injin mota na aiki, hannuwansa biyu a kan sitiyari.

"Kai tsoho, budurwa kake jira a nan?"

"Wuce ka ba ni wuri," in ji Sovat. Amma da Pheap ya wuce, sai ya bi bayansa a hankali har gida.

Likita ta sa shi ya zana agogo, ya zuba lambobin duka a gefe ɗaya. Aka ɗauki hoton kansa. Ta yi bayani da Turanci a tsanake, 'yarsu Dalin da ta zo daga Melbourne tana fassara wa uwarta. Ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu.

Malis ce ta ce sai ya je wurin Lok Ta Hem, tsohon malamin gidan ibadarsu, wanda ke koya wa mutane zaman natsuwa ranar Asabar da hantsi.

"Bong, ka gwada kawai," ta ce. Haka take kiransa tun suna saurayi da budurwa. "An ce yana gyara hankali."

"Likita da na'urarta ta kasa, sai mai aski ƙwal da ke yafa zanen gado?"

"To zauna, ka ci gaba da ƙona mana kokwamba."

Ranar Asabar ya cire takalmansa ya shiga.

Lok Ta Hem ɗan ƙaramin tsoho ne, mayafinsa ruwan goro, haƙoransa na gaba babu. Mutum takwas ne a zauren, duk mata, sai Sovat. Malamin ya ba shi matashi ya ce ya zauna, ya miƙe bayansa, ya rufe ido.

"Ka kai hankalinka bakin hancinka. Iska ta shiga, ka san ta shiga. Ta fita, ka san ta fita, ka ce ɗaya. Har goma. In hankali ya gudu, ka lura ya gudu, ka dawo ɗaya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sovat ya yi tsaki a ransa. Aikin da ko akuya za ta iya. Ya ce ɗaya, ya ce biyu, sai ga shi yana tunanin tayar motarsa ta baya. Ya dawo ɗaya. Kafin uku yana faɗa da wani shugaban aiki da ya zage shi shekara ashirin da suka wuce. Gwiwarsa ta ɗauki ciwo, hancinsa ya yi ƙaiƙayi. Da aka buga ƙararrawa bayan minti ashirin, bai taɓa kai biyar ba.

"Lok Ta, kaina ya riga ya lalace," ya ce. "Ciwon ne."

Tsohon ya yi dariya har dasashinsa ya bayyana. "Tambayi matan nan, wace ce ta kai goma? Kowa haka kansa yake, ɗana. Kai dai yau ka fara leƙawa."

"Zai warkar da ni?"

"A'a."

Sovat ya dube shi. Ya zaci za a lallashe shi.

"Ba zai warkar da kai ba," malamin ya sake cewa. "Abin da ya rage maka na hankali, za ka san kana da shi kafin ya tafi. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Wataƙila don ba a yi masa ƙarya ba ne ya koma. Ya riƙa zama a gida ma, da safe kafin ya shiga rumfa, a kan buhun taki. Pheap ya leƙo ta shinge ya ce, "A'a, ga sabon waliyyi! Ka roƙa mana farashin kokwamba ya tashi." Sovat bai buɗe ido ba, ya dai ɗaga masa yatsu biyar, wato ƙirgarsa ta kai biyar.

Abin da ya tarar a cikin kansa bai yi masa daɗi ba. Sunayen jikokinsa na zamewa, amma madatsar ruwan nan tana nan daram. Da ya yi shiru sai ƙanensa Rin ya zo masa a zuci, ɗan shekara tara, kwance da zazzaɓi, da gwangwanin kunun shinkafa a gefensa. Sovat ne ya shanye kunun a ranar, ya ce wa kansa yaron ba zai iya haɗiya ba. Rin bai tashi daga wannan kwanciyar ba. Ko Malis bai taɓa gaya wa ba. Ya gaya wa Lok Ta Hem a bayan zaure, yana kallon ƙasa.

"In ya zo, kada ka kore shi, kada ka bi shi," in ji malamin. "Ka ce a ranka, tunawa ce. Ka ji inda take maka ciwo a jiki. Sannan ka koma hanci."

"A ƙirji take."

"To, ka san wurinta ke nan."

Sau ɗaya abin ya yi masa rana a fili. Wajen wata na biyar, suna cin abincin rana, Malis ta ce masa sau uku ke nan yana tambayarta ko Dalin ta bugo waya. Ya ji zafi ya taso masa daga ciki ya hau wuya, hannunsa ya damƙi kwanon miya. Da can da tuni kwanon ya daki bango. Wannan karon ya ga fushin yana tahowa, ya tsaya yana kallonsa har ya sauka. Ya ajiye kwanon.

"Na gan shi," ya ce.

"Wa ka gani?"

"Fushin. Ya zo ya wuce."

Malis ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Daga nan sai gangara. Aka karɓe lasisin tuƙinsa. Ya fara manta abin da ke bin uku. Lok Ta Hem ya ce ya bar ƙirga, ya ce shiga, fita, kawai. Daga baya yakan zauna a kan matashin, ya buɗe ido ya tambayi matar da ke kusa da shi me ake jira. Kowace Asabar sai malamin ya sake koya masa daga farko, da kalmomin da ya fara gaya masa, shi kuma ya saurara kamar bai taɓa ji ba. A hunturun shekara ta biyu malamin ya kamu da ciwon huhu, kwana tara ya rasu. Aka gaya wa Sovat, ya yi kuka. Washegari ya tambaya, aka sake gaya masa, ya sake kuka. Malis ta hana a ƙara gaya masa.

Turancinsa ya tafi gaba ɗaya. Ya fara ɓoye shinkafa a aljihu da cikin takalmi. Ranar da ya ture Malis ta faɗi ta karya hannu, don ya ɗauka wata ce ta zo satar masa abinci, Dalin ta zo ta sa hannu a takardun kai shi inda za a kula da shi. Aka mayar wa mai fili filinsa, Pheap ya kwance rumfunan.

Yanzu yana wani gidan kula da tsofaffi a arewacin birni, inda babu mai jin yarensa ko ɗaya. Suna ba shi dankali da nama, ya ture. In ya yi ihu, su ba shi ƙwaya ya yi laushi. Malis tana hawa bas biyu ta je kullum, da miyar daddawar kifi a cikin kula, ta ba shi a baki. Wani lokaci ya karɓa, wani lokaci ya kira ta da sunan uwarsa ya tambaye ta ina Rin. Sai ta ce masa Rin yana gona.

A watan jiya likitan gidan ya auna shi, ya gaya wa Dalin a waya cewa zuciyar babanta lafiya lau take, huhunsa ma haka duk da sigarin, zai iya ƙara shekara goma. Dalin ta fassara wa uwarta. Malis, wadda ta cika sittin da biyar a bana, ta ce to, ta tambaya ko an canza lokacin bas na safe.