Kawu Mokles, Mai Gano Iyaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Kawu Moklesur Rahman, mai gyara a hawa na uku na kasuwar kwamfuta a nan Dhaka.

Kawu, wasu za su tuna ka da arha da fara'a. Ni ƙanena ka dawo min da shi.

Kwamfuta ɗaya mahaifinmu ya bar mana, ni da ƙanena Tuhin, muka raba faifan ajiyarta biyu: nawa ɓangaren Windows, nasa Linux, inda ya tara binciken digirinsa. Wata safiya Windows ta sabunta kanta, ɓangarensa ya ɓace ɓat. Tuhin ya rantse da gangan na share. Ko shinkafa ya daina ci tare da ni, mahaifiyarmu na kuka a ɓoye.

Na kawo maka kwamfutar ni kaɗai, ka ƙi ko buɗe ta. Ka ce, "Gonar mutum biyu ce wannan, ɗana. Je ka zo da ɗayan, ko ɗaure shi za ka yi a keke."

Da muka zo, ka aika a kawo shayi, ka kwafe faifan kaf kafin ka taɓa komai. Sannan ka zuba wa baƙin allo ido, lambobi na ta gudu, ko ƙiftawa ba ka yi. Can ka ɗora yatsa a kan wata lamba, ka dubi Tuhin.

"Ga inda naka ya fara, sarkin fushi. Ba wanda ya share komai. Alamar iyaka ce ta goge, gonar na nan."

Ka mayar da ita, ka kunna, aikinsa ya fito cif. Tuhin ya kasa kallona, sai cewa ya yi, "Yaya, shayinka ya huce."

Ka kuma saita kwamfutar yadda ba za ta shiga ɓangaren kowa da kanta ba, sai ta tsaya a zaɓa. Haka take jiranmu har yau.

Ni da Tuhin kafaɗa da kafaɗa muka ɗauki makararka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba matarka Inna Rokeya da 'ya'yanka haƙurin rashi. Yadda ka haɗa mu, Allah Ya haɗa ka da salihan bayinsa a Aljanna. Amin.