Tuwon Baƙuwa

A gidanmu na Makera, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun Kaka, tana gasa masara tana hararar duk wanda ya miƙa hannu. "To, ga ta nan tafe," in ji ta, "mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wata baƙuwa mai wani yare, wadda ta kawo wa wata yarinya tuwo a rufe. Yarinya ta ci, ta rikiɗe ta zama akuya, baƙuwa ta ja ta kasuwa. Sai Kaka ta nuna ni da totuwa: "Ke Hadiza, sarkin kwaɗayi, da ke nake!" Wallahi na tsorata. Ko ƙosan maƙwabta na daina karɓa.

Bayan soja sun koma bariki, ina karatun zama malamar Turanci, aka tura ni gwajin koyarwa wata makaranta a unguwar Television. Malaminmu ya ce mu sa yara su san al'adun juna. Abokan karatuna suka ce, "Tabɗi! A wannan zaman ɗarɗar tsakanin ƙabilu? Mu dai nahawu za mu koyar, mu tsira da mutuncinmu." Ni da taurin kai na ce kowane yaro ya kawo tatsuniyar gidansu da Turanci.

Washegari sai ga mahaifiyar wata ɗalibata mai suna Rifkatu, fuska a murtuke. "Malama, me kike nema a labarin gidanmu?" Ta ce in ba ta gamsu ba, za ta sa hedimasta ya kore ni. Ta ja benci ta zauna.

Rifkatu ta miƙe ta fara. Baƙuwa, tuwo a rufe, yarinya, akuya. Tatsuniyar Kaka ce tsaf! Sai dai a tasu, baƙuwar mai mayafi ce, Hausa take yi. Na juya wajen mahaifiyarta na ce, "Mama, a gidanmu ke ce baƙuwar." Ta dube ni ta daɗe, ko murmushi babu, ta fita.

Ranar Litinin Rifkatu ta ajiye min kwano a rufe: tuwon acca. Na daɗe ina kallonsa, muryar Kaka na kunnena. Sai a lokacin na gane kakanninmu tsoro iri ɗaya suka gadar mana, kowacce tana nuna ƙofar 'yar'uwarta. Na yi bismilla na ci, yara suna leƙe ta taga.

Allah ya jiƙan Kaka. Har yau dai ƙafa biyu gare ni.