Tsohon Kalfu da ba ya amsa gaisuwa a kwance

Mun tashi daga Maraɗi ana kiran assalatu, ni da abokin aikina mai gyaran na'urorin asibiti, wanda ya fara minshari tun ba mu fita gari ba. A Galmi warin albasa ya tashe shi. Ya sayi buhu guda wai ta yi araha, muka yi ta shaƙa har Tawa. Daga Tsarnawa muka miƙa arewa, ƙasa ta koma jan dutse, hanya kuma wani wuri sumul, wani wuri sai addu'a.

Abin da ya kai mu, wani asibiti ne ya samu sabuwar na'urar awon jini, aka ce tana ƙarya. Wannan ba irin wadda ake ɗaurawa a damtse ba ce. Siririn bututu ake sakawa a jijiyar wuyan hannu, cike da ruwa, ya tafi zuwa wani ɗan ma'auni kamar akwatin ashana da ke maƙale jikin ƙarfen ƙarin ruwa. Dole ma'aunin nan ya zauna daidai tsayin zuciyar majinyaci. In ya yi ƙasa da ita, nauyin ruwan bututun sai ya hau kansa, lamba ta haura.

Majinyacin wani tsoho ne makiyayi daga Kalfu, an yi masa aikin hanji, magani ne ke riƙe masa jini kada ya faɗi. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce kullum da la'asar lambarsa na hawa, su rage maganin, kafin magariba ya galabaita. Abokina ya bi bututun yana neman kumfar iska, ya sake saita na'urar, bai ga komai ba. Ni dai abin ya tsaya mini a rai: wace irin na'ura ce ta san la'asar?

Muka fita muka ci kilishi da cuku, wani ɗan kabu-kabu ya zagaya da mu kasuwar dabbobi bisa kuskure, muka dawo asibitin na samu kujera kusa da tsohon na zauna.

Ana idar da la'asar aka buɗe wa 'yan dubiya. Kafin su shigo, babban ɗan tsohon ya murɗa gadon har uban ya zauna sosai, ya gyara masa rawani. Ina kallon lambar tana hawa. Da zamansa zuciyarsa ta koma sama, ma'auni yana nan inda aka bar shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta nufo na'urar da ke tura masa maganin za ta rage, na riƙe hannunta.

Na ce, “Baba, da za ka daure ka riƙa gaisawa a kwance.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ɗiyata, surukaina sunka taso tun daga Kalfu, in amsa masu kwance kamar jinjiri? Ba ni yi.”

Gaskiya ya burge ni, kuma na ga ba za mu ci nasara a kansa ba. Sai muka cire ma'aunin daga ƙarfen, muka ɗaure masa a damtse saitin zuciya, ya tashi da shi, ya kwanta da shi. Lambar ta sauko inda take na gaskiya, aka bar maganin yadda yake. Ranar ya kai magariba idonsa biyu, har yana faɗa da ɗansa kan wata saniya.

Da na je sallama ya shafa abin ya ce, “Kambun ga naki ya yi. Ki bar mani shi in tai gida da shi.”

Mun iso Maraɗi kayanmu duk albasa. Na yi shekara da shekaru ina koya wa ma'aikatan jinya yadda ake saita ma'auni da zuciya, kullum majinyacin da ke cikin kaina a kwance yake. Yanzu duk asibitin da na shiga, kafin in taɓa na'ura sai na tambaya yadda dattawan garin ke amsa gaisuwa.