Gidan Gungume na Tanti

Ɗakinmu a Guangzhou ta ƙasar Sin ɗaya ne da ɗan kicin, rabinsa kuma kwalayen wandunan jins ne da maigidana ke sarowa a Xintang kafin a loda su zuwa Kano. A tsakanin kwalayen nan 'yata ta koyi tafiya. Ko bakin titi ba na barin ta leƙa, don baburansu na lantarki ba sa ƙara, sai dai mutum ya ji su a jikinsa.

A hawan da ke ƙasanmu akwai wata ɗaliba 'yar Damagaram, tana karatun gandun daji a jami'a. Tanti 'yata take ce mata, yadda ake faɗa a Nijar. Da hutun sanyi malamansu suka kwashe su zuwa can ƙarshen arewa, dab da iyakar Rasha. Ta dawo leɓe duk ya tsattsage, ta hawo mana da tsarabar busassun 'ya'yan itace, ta zauna kan kwali ta buɗe waya.

"Yaya, dubi inda muka je."

Gidaje ne a tsakiyar daji, ƙanƙara har gwiwa. Ba bulo ba laka. Gumagumai ne aka jera, an sassaƙe bakin kowane ya hau kan ɗan'uwansa ya zauna daram. Ta ce masu saran itace da masu haƙar zinariya ne suka gina tun zamanin kakanni, da aiki ya ƙare suka watse. Wani rufinsa ya rufta, bishiya ta fito ta tsakar ɗaki. Wani kuwa ƙofarsa a buɗe, ga murhu, ga ɗan gado a lungu. Gida sukutum babu kowa! Na dubi kwalayenmu.

Ni daga Kano sai jirgi, daga jirgi sai ɗakin nan da kasuwar Shahe. Tantin nan sa'ar ƙanwar bayana ce, amma har ƙanƙara ta taka, kuma ba ta tambayi kowa ba.

Da a hoto abin ya tsaya da na haƙura. Sai ta ɗebo sandunan cin abincin nan da masu kawo shinkafa ke haɗo mana, waɗanda muke tarawa a kwano tunda mu da cokali muke ci. Ta gitta biyu kan biyu, biyu kan biyu, ta tayar wa 'yata gidan gungume a kan tabarma.

Tun ranar na rasa 'ya. Tana buɗe ido, "Mama, zan je gun Tanti." Tuwo ba ya shiga sai an ce Tanti ma ta ci. Na gwada gina mata da kaina, ina kaiwa tsakiya ya zube. Ta tattara sandunanta ta ce, "Bari, ba ki iya ba."

Na ce wa maigidan, "Alhaji, mu ma ka kai mu can mana."

Ya yi dariya har da tari. "Me ake sarowa a can, ƙanƙara? Je ki tambayi laoban, mai shago, a kasuwa, zai ce miki meyo, babu."

Wata safiya ina yi wa 'yata kitso na ce, "Kin san gidan da mutane suka bari sunansa kango? Aljanu ke kwana a ciki. A garinmu ba a kai yaro, babba ma sai da bismilla." Haka aka tashe mu, kuma har yau na yarda da shi. Amma ina faɗa ina kallon fuskarta, ina jira ta ture sandunan ta hau cinyata.

Tanti na shigowa da hantsi, 'yata ta tare ta da tambaya.

"Tanti, kin ga aljani?"

Tanti ta dube ni, ta dube ta. "Mamanki gaskiya ta faɗa, sai da na yi bismilla na shiga. Amma kurege kaɗai na tarar, shi ma ya fi ni tsoro."

Suka zauna suka gina wani, babba, har da ɗakuna biyu. 'Yata ta nuna da yatsa. "Nan nawa, nan na Tanti."

Na ajiye ludayi na matso. "To ni ina nawa?"

Ta ɗago ta dube ni da tausayi, kamar ita ce uwar.

"Ke ki zauna nan da kwalaye, Mama. Ai ke tsoron kango kike ji."